Kitsen da Kawu Ya Cinye

Shekarar da aka buɗe ƙofar jam'iyyu a ƙasar nan, na dawo Maraɗi da takardar lisansi, wato digiri, a ilimin halittu da akwati ɗaya, rabinsa littattafai. Karatun shekara uku ne, amma ya ci mini biyar, don yau malamai na yajin aiki, gobe mu ɗalibai, jibi kuma a rufe jami'ar gaba ɗaya kowa ya huta da kowa. Da na fito sai gwamnati ta ce ta daina ɗaukar ma'aikata. Na koma gidan kawuna a Sabon Gari, inda na tashi tun ina ɗan shekara bakwai, na zauna ina jiran abin da ni kaina ban san ko mene ne ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwa. Yana kai wake da gero Najeriya, ya dawo da atamfa da duk abin da iyaka ta yarda ya wuce, har da wanda ba ta yarda ba. Mutum ne mai faɗi. Ba na son in yi ƙari, don ƙari ba halina ba ne, amma tumbinsa kan riga shi shiga zaure da kamar taku guda. A Maraɗi ta lokacin kuwa tumbi shaida ne. Alhajin da ya rame, kafin la'asar an gama shari'arsa a tasha: ko dukiya ce ta karye, ko kuma cutar nan da ta shigo, sida, wato ƙanjamau, wadda ba a faɗin sunanta sai an rage murya.

Wata biyu kafin dawowata Kawu ya yi haɓo a masallacin Juma'a, jini ya ɓata masa farar shadda. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwa, ya auna shi ya ce tansiyo ce, hawan jini. Ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri da maiƙo, ya kuma rage jiki. Kawu ya sha ƙwayoyin kwana huɗu, ciwon ƙeya ya tafi, ya jefa sauran a aljihun mota. Batun rage jiki kuwa, cewa ya yi majo mutumin kirki ne amma bai san kasuwa ba.

Hajiya, matarsa, ita ta sa aka sayo abin awon jini daga Katsina, kuma ita ta ɗora mini aikin. Na yi mata bayani cewa ni ba likita ba ne, abin da na fi sani kwaɗi ne da ɓeraye da ganyen wake. Ta ce ai duk jini ne. Daga ranar gidan gaba ɗaya suka koma kirana Lokotoro, wato likita.

Gara in faɗi aibina tun da wuri. Ni mutum ne da ba ya iya cewa rana ta fito sai ya ƙara da cewa bisa ga dukkan alamu. A jami'a an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, ni kuwa na riƙe darasin fiye da malamin da ya koyar da shi. Kawu yakan ce in aka tambaye ni sunana, sai na nemi a ba ni kwana biyu in bincika.

Kullum da safe ina auna shi a zaure. Ɗamarar da ake naɗawa a damtse an yi ta ne don hannun mutum madaidaici, damtsen Kawu kuwa cinyar wani ne, da ƙyar bakinta ke haɗuwa. A takardar da ta zo cikin kwalin na karanta cewa ɗamara in ta yi wa hannu kaɗan takan ƙara lamba. Gaskiya ne, kuma cikin wannan gaskiyar na samu wurin ɓuya. In allura ta tsaya a sha takwas, alhali awon lafiyayye sha biyu ne, sai in ce sha takwas ne, amma wataƙila ɗamarar ce, wataƙila ainihinsa sha shida ne, ko da yake sha shidan ma ba a so, sai dai kuma ya danganta. A duk wannan Kawu kalma ɗaya yake ji. Ya sauke hannun riga, ya ce a kawo masa soyayyen ƙwai da ragowar naman jiya.

Ana haka sai wata jam'iyya ta tsayar da shi takarar dipite, ɗan majalisa ke nan. Abokin karawarsa wani malamin makaranta ne, siriri kamar sillen kara, mai Faransanci a baki. 'Yan jam'iyyarmu ba su wahalar da kansu wajen neman manufa ba, manufar na nan a gaban rigar Kawu. Mai lasifika yakan nuna tumbin ya ce Alhaji ya ƙoshi tun daga gida, ba zai ci namu ba, wancan kuwa da yunwarsa ya zo, sai ya cika cikinsa kafin ya tuna da kowa. Jama'a su ɗauki tafi. Na daɗe ina neman inda zan rushe wannan hujja, har yau ban samu ba.

Ga kuma al'adar kamfen ɗin. Duk garin da aka je taro sai an yanka rago, kuma kitsen ƙoda da na gadon baya ɗan takara ake miƙa wa a faranti, da zafinsa, an barbaɗa gishiri da yaji, a gaban kowa. In ya ci, ya karɓi garin, garin ya karɓe shi. In ya ture, ya raina su da ragonsu. Wata rana mukan yi gari uku. Ina zaune a bayan mota da abin awo a cinya, ina kallon kawuna yana haɗiye ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya.

Lamba ta soma hawa. Sha tara, ashirin. Idonsa ya yi ja, yana yawan kai hannu ƙeya. Wata safiya Hajiya ta tare ni a ƙofar madafa.

"Lokotoro, ka faɗa mishi ko ba ka faɗa ba?"

Na ce na nuna masa alamu da dama.

"Nuni na tambaye ka ko faɗi?"

Na ce abin yana da ɗan sarƙaƙiya. Ta dube ni kamar yadda take duban miyar da ta kwana, ta koma ciki.

Ranar taron Tsibiri aka tura ni da direba mu riga zuwa, mu ga an kafa rumfa. Na tarar da wani dattijon mahauci yana feɗe raguna biyu a bayan gidan mai masaukinmu. Ɗaya wani manomi ya bayar, ragon kiwo ne da ya sha yawon daji. Ɗayan na jam'iyya ne, ragon turke, wanda aka ɗaure wuri guda aka ɗura wa dusa da harawa har ya manta yadda ake tafiya. Na tsaya kallo, don a kamfen ɗin nan kaf wannan ne kaɗai abin da ya shafi takardata.

Da ya fitar da kayan ciki sai ga babbar jijiyar jini, wadda ke fitowa daga zuciya ta bi gadon baya. A ragon daji, kitse ne ɗan kaɗan ya lulluɓe ta, mai ƙarfi, kamar riga ta ciki. A ragon turke kuwa sai da ya yi tono da tsinin wuƙa kafin ya gano ta, ta nutse cikin kitse mai laushi yana rawa.

"Ka gani, ɗan lakwal?" in ji shi, wato ɗan boko. "Wanga ko ba mu yanka shi ba, zahi na zuwa shi faɗi da kanshi."

Ya ce ya sha ganin irinsu sun faɗi matattu a turke saura mako guda Sallah, mai rago na kuka kamar an yi masa rasuwa.

Sai na tuna ɗakin gwaji a jami'a. In za mu yi nazarin irin wannan jijiya ta ɓera, abu na farko shi ne mu kankare kitsen nan da reza mu zubar. Malaminmu ya ce ba shi da wani aiki, tsumma ne kawai irin wanda ake cusawa cikin kwalin tangaran don kada ya fashe. A tsaye a wurin, ƙudaje na bin ƙafata, na ƙirƙiro nawa ilimin: in kitsen ya yi yawa, matse jijiyar yake yi, kamar a taka tiyon ban-ruwa, jini ya rasa hanya ya yi ta tunkuɗa. Na ce a raina ga abin da ya fi bakina iya magana. Na roƙi dattijon ya yanko mini kamar tsawon yatsa daga kowane rago, da kitsensa. Ya naɗe mini a takardar siminti, yana ta dubana.

Kawu ya iso, yana hutawa a zaure da manyan jam'iyya uku. Na durƙusa na shimfiɗa takardar a gabansa, na soma bayani. Na ce ga ta ragon daji, ga ta ragon turke. Na ce tabbas rago ba mutum ba ne, kuma ban ce tasa haka take ba, amma ban ce ba haka take ba. Na ce malamanmu ba su koya mana wannan ba, hasashena ne, kuma hasashe na iya zama kuskure, sai dai in aka dubi abin da kyau akwai abin dubawa. Na ɗauki kamar rubu'in awa. Ɗaya daga cikin manyan ya yi gyangyaɗi.

Kawu ya saurara da haƙuri, ya sa yatsa ya ɗan danna kitsen, ya tambayi wacce ce ta ragon turken. Na nuna masa, zuciyata na murna ya fahimta. Sai ya ƙwalla wa direba kira.

"Kai wa mai nama ya ɗan gasa mini wannan, ya sa yaji. Wancan ƙanjamammen a ba Lokotoro, dama sun yi kama."

Ya cinye darasina a loma biyu. Ya ce jijiyar na da ɗan tauri amma kitsen ba laifi. Sannan ya fita ya ci na faranti a gaban mutanen Tsibiri.

Bayan kwana huɗu aka yi babban taron ƙarshe a Jiratawa, saura kwana uku zaɓe. Bazara ce, bayan azahar, irin zafin da ko awaki ba su fita. An kawo babbar motar ɗaukar kaya an jingina mata tsani, a bayanta ɗan takara zai tsaya ya yi jawabi. Mutanen lambu sun bar ban-ruwa sun cika fili, mata da shigarsu ta atamfar jam'iyya, kalangu na tashi. Farantin kitse ma an riga an hau da shi, ina hango turirinsa.

Muna cikin motar Kawu a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, ni da shi da direba. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: shi da kansa ya ce in auna shi. Ya ce yana ganin wasu abubuwa kamar ƙudaje na yawo a idonsa, hannunsa na hagu kuma ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Na naɗa ɗamara na hura. Ashirin da uku. Na sake. Na koma ɗaya hannun. Allurar ba ta canza ra'ayi ba.

Na ji bakina yana shirya kayansa na kullum. Ɗamara ce, zafi ne, hayaniya ce, ga mota ba wurin awo ba ce. Duka gaskiya ne, kuma duka na san inda za su kai shi: saman tsanin nan, cikin rana, ya yi ihu rabin awa a lasifika, ya haɗiye kitse da gishiri. A waje mai lasifika na kiran Alhaji ya fito. Kawu ya kai hannu ga murfin mota.

Na ce, "Kawu, in ka hau motar nan, gawarka za a sauko da ita."

Ya tsaya da hannunsa a murfin. Ya jira. Na gane jiran me yake yi, yana jiran ragowar maganar ne, wutsiyar da na saba jawowa.

"Wataƙila?" in ji shi.

"Babu wataƙila."

Ya dube ni ya daɗe. Direba ya kafe ido a sitiyari kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai ne kuwa?" in ji Kawu. Sannan ya saki murfin, ya ce wa direba, "Juya. Maraɗi."

Gaskiyar magana, ban sani ba. Ba wanda zai iya sani. Mutane sun hau mota da lamba irin wannan sun sauko da ƙafarsu, wasu kuma ba su kai haka ba sun faɗi. A rayuwata wannan ce jimla ɗaya tak da na faɗa ba tare da na bar mata ƙofar baya ba, kuma ita ce wadda ba ni da hujjarta. Da muka kusa shiga gari lamirina ya dame ni, na buɗe baki zan ce a gaskiya dai ya kamata in ɗan gyara abin da na faɗa. Kawu yana kwance a kujera ido rufe, amma ya ji numfashin da na ja.

"Rufe bakinka," in ji shi. "Kada ka ɓata."

A asibiti ma yajin aiki ake yi, amma majo na nan tare da 'yan kaɗan da aka bari don masu larurar gaggawa. Ya ɗauko ɗamara babba, daidai damtsen Kawu, ya auna. Ashirin da biyu. Wato ɗamarar da na yi wata da watanni ina ɗora wa laifi, lamba ɗaya rak ta ƙara. Majo ya kwantar da shi, aka nemo likita daga gida. Kwana biyar ya yi a gadon, ranar zaɓe ta zo ta wuce yana kallon silin.

Kafin magariba ta ranar taron labari ya gama gari. Wasu suka ce 'yan adawa ne suka yi masa jifa. Wasu suka ce tsoro ya ji ya gudu. Mutanen Jiratawa kuwa abin da ya dame su ragonsu ne. Sakataren jam'iyya ya hau motar ya ci kitsen a madadinsa, amma aka ce wannan ba ya cikin al'ada, kuma sakataren ma siriri ne. Kawu ya faɗi zaɓe, malamin makaranta ya tafi majalisa.

Bayan ya fito ne aka shiga wata sabuwar rigima. Ƙwayoyi dai ya koma sha kullum, Hajiya na tsaye a kansa. Gishiri ta rage da hannunta, ta kuma ɗora shi a kan kwaɗon zogale, wanda matan Jiratawa suka fara kawowa da suka zo dubiya, bayan sun huce. Amma likita ya ce sai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, Alhaji a ƙasa kuwa a Maraɗi ma'anarsa an sayar da mota. Kawu ya yi kwana biyu yana tunani, ya samo mafita. Kowace safiya sai a kai shi bakin hanyar Tsibiri ya sauka ya kama tafiya, direba na biye da shi a hankali da motar, an wanke ta tana ƙyalli, don duk mai wucewa ya ga tana nan. 'Yan kabu-kabu na ratse su suna ɗaga hannu.

Ramar ma ya san yadda ya yi da ita. Bai rage rigunansa ba, sai ya sa ana ƙara musu sitaci, ya riƙa haɗa biyu. Kuma ya mayar da awon safe ƙofar shagonsa, a bainar jama'a, ina naɗa ɗamara yana bayyana wa masu wucewa cewa tansiyo ce, ciwon manya, talaka ba ya samunta. Wannan ƙarya ce, na kuma faɗa masa talaka na samunta sosai. Ya ce in bari sai wanda ya tambaye ni. Cikin wata biyu alhazai uku suka aiko a auna su, ɗaya har ya ji haushi da na ce tasa lafiya lau.

Malamin makarantan da ya ci zaɓe na gan shi bayan shekara biyu a wani ɗaurin aure, ban gane shi ba sai da ya yi magana. Wuyansa ya ɓace. Ba a daɗe ba sojoji suka rufe majalisar, ya dawo gida da tumbin babu kujerar. Kawu ya ce in ɗauki abin awo in je in gaishe shi, siyasa ba gaba ba ce.

Ni kuma daga baya na samu aikin koyarwa a sakandare, inda nake har yanzu. Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da rubuce-rubucen masu bincike a kan kitsen nan da muke kankarewa muna zubarwa. Ashe ba tsumma ba ne, kuma ba matse jijiya yake yi kamar tiyo ba, wato ni da malamina duk mun yi kuskure, kowa da irin nasa. Abin da suka gano shi ne kitsen da ke kewaye da jijiya yana fitar da wasu sinadarai da ke shiga bangonta. In jiki na daidai, saƙon da yake aikawa na sassauci ne, jijiya ta saki jiki, jini ya wuce salin alin. In ƙiba ta yi yawa sai shi kansa kitsen ya kumbura ya kamu da ciwo, saƙon sassaucin ya ragu, ya koma aika abin da ke sa jijiya ta ɗaure ta yi tauri. Da na karanta sai na tuna manyan jam'iyyar nan da ke kewaye da Kawu a zaure: suna 'yan kaɗan suna ba shi haƙuri, da suka yi yawa suka ƙoshi sai zuga. Akwai alamun cewa in mutum ya rage jiki kitsen kan dawo hayyacinsa. Masu binciken dai kusan kowane shafi sai sun ce ana bukatar ƙarin nazari, abin da ya sa na ji kamar na samu dangi.

Na kai wa Kawu wannan bayani, lokacin ya tsufa, gemu ya yi fari, amma bai daina tafiyar safe ba. Ranar na raka shi, muna tafe a gefen hanyar Tsibiri, motar na biye. Na ce masa ashe kitsen da ya cinye a zauren nan ba abin banza ba ne. Ya ce shi tun a ranar ya san haka, ni ne ban ɗanɗana ba. A duk taron dangi haka yake gabatar da ni, ga wanda ya kayar da ni zaɓe, kuma ban taɓa tabbatar ko wasa yake yi ba.

Muka yi ɗan nisa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lokotoro, ranar nan a Jiratawa. Da na hau, da na mutu?"

Na yi tunani sosai, don tambaya ce da ta cancanci a yi mata adalci.

Na ce, "Wataƙila."

"Da haka ka ce ranar, da na hau," in ji shi.

Ya waiwaya ya yi wa direba alama da hannu ya ja baya kaɗan, motar ta kusa taka masa dunduniya.